Ƙullutun huhu da ya daɗe bai canja ba: zai iya zama ciwon daji?

Mai Neman Bayani ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon likitoci da ma'aikatan jinya, da duk wanda ya san wannan al'amari da kyau, su taimaka mini da bayani, domin likitoci biyu sun ba ni shawarwari biyu da suka saɓa wa juna, kuma na rasa wadda zan riƙe.

Ni mace ce mai shekara 57, ban taɓa shan taba ba. Shekara huɗu da suka wuce aka ɗauki hoton cikina da na'urar siti-sikan, wadda take ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, saboda tsakuwar ƙoda, sai hoton ya haɗa da ƙasan huhu, a nan aka ga wani ɗan ƙullutu a huhun dama mai faɗin milimita 7. A lokacin ba na tari, ba na jin ciwon ƙirji, har yau ma haka nake. An ɗauki hoton ƙirjin bayan wata shida, aka kuma sake da aka cika shekara biyu, kowane sakamako yana cewa ƙullutun yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Likitan da yake duba ni a wancan lokaci ya ce abin da ya shekara biyu bai motsa ba ba ciwon daji ba ne, don haka in cire shi daga raina, ba sai an sake wani hoto ba. Na kuwa cire shi.

Kwanan baya na koma hannun wata likita saboda hawan jini. Da ta karanta tarihin lafiyata sai ta tsaya a kan wannan ƙullutu, ta sa aka sake hoto. Sakamako ya fito da milimita 7 ɗin nan dai. Na ɗauka magana ta ƙare, amma ta ce ba za ta rufe batun ba tukuna, tana son a ƙara wani hoton baɗi, kuma za ta haɗa ni da likitan huhu. Ba ta tsorata ni ba, ta ma ce kada in damu, sai dai da wuya mutum ya ji za a tura shi wurin wani likita kuma hankalinsa ya zauna.

Shin ƙullutun da ya shekara huɗu a wuri ɗaya, girmansa bai canja ba, zai iya kasancewa ciwon daji? Idan zai iya, mene ne amfanin ƙa'idar shekara biyun da aka faɗa mini? Idan kuma ba zai iya ba, me ya sa za a ci gaba da saka ni cikin na'ura? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin irin wannan ƙullutu ya yi yawa fiye da yadda mutane suke zato, kuma tun da na'urar siti-sikan ta yawaita ake ta cin karo da shi a wurin mutanen da suka zo da wata matsala dabam, kamar yadda ya faru da ke. Mafi yawansu tabo ne da wani tsohon ciwo ya bari, kamar tarin fuka ko wata cutar huhu da jiki ya yaƙe ta ya gama ba tare da mai ita ya sani ba, wasu kuma 'yan ƙananan kaluluwa ne da ke cikin huhun. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2011, an bi mutum fiye da 53,000 waɗanda suka daɗe suna shan taba, kuma duk da haka, cikin hotunan da suka nuna abin tuhuma, kusan kashi 96 cikin ɗari ba ciwon daji ba ne. Waɗannan fa masu shan taba ne, ke kuwa ba ki taɓa sha ba.

Ƙa'idar shekara biyu ba daga ka aka ƙirƙire ta ba, lissafi ne a ƙarƙashinta. Ciwon daji girma yake yi, kuma ana auna saurinsa da yawan kwanakin da yake ɗauka kafin jikinsa ya ninka. Ƙullutun daji na huhu yakan ninka ne a tsakanin kwana 20 zuwa 400. Wanda ya fi haka sauri galibi kumburi ne na ƙwayar cuta, wanda kuma ya fi haka jinkiri galibi ba daji ba ne. Mu ɗauki mafi nawa a cikinsu, mai ninkawa a kwana 400: da a ce irinsa ne a ƙirjinki, da a shekara biyu ya tashi daga milimita 7 ya haura 10, a shekara huɗu kuwa da ya kai wajen 16. Wannan ba abin da zai ɓuya wa mai karanta hoto ba ne.

A ganina likitanki na farko ya faɗi gaskiya, ita kuma ta biyun taka-tsantsan ne ya yi mata yawa, wanda ba laifi ba ne ga likita. Ki je wurin likitan huhun don cika umarni, amma kada ki hana idonki barci.

Likitan Hoto ya amsa:

Hajiya, sannu da haƙuri. Lissafin da Sista ta kawo daidai ne, ba ni da abin da zan cire a cikinsa, sai dai lissafi ne na nau'in ƙullutu guda ɗaya, kuma har yanzu ba ki faɗa mana wane nau'i ne naki ba. A nan amsar tambayarki take.

Idan muka duba hoton siti-sikan, ƙullutun huhu iri uku muke gani. Akwai daskararre, wanda yake fitowa fari tas, ya rufe jijiyoyin jinin da ke bayansa. Akwai mai hazo, wanda yake fitowa dishi-dishi har ana hango jijiyoyin huhu ta cikinsa. Sai kuma gauraye, wato mai hazo amma da daskararriyar ƙwaya a wani sashensa. Ƙa'idar shekara biyu ta samo asali ne tun shekarun 1950, zamanin da hoton ƙirji na eksire kaɗai ake da shi, kuma wannan hoto daskararren ƙullutu yake nunawa, mai hazo kuwa kusan ba ya fitowa a cikinsa ko kaɗan. Saboda haka waɗanda suka kafa ƙa'idar ba su ma san da shi ba. Sai da aka samu na'urorin da suke yanka hoton huhu siri-siri aka fara ganinsa, aka kuma gano cewa wasu daga cikin waɗanda suka ƙi ɓacewa matakin farko ne na wani ciwon daji da ake kira adinokasinoma, mai tafiyar hawainiya ƙwarai da gaske. Irinsa yana iya ɗaukar fiye da kwana 800 kafin ya ninka, wani ma yakan tsaya cik tsawon shekaru sannan ya fara motsi.

Mu maimaita lissafin Sista da wannan adadi. Ninkawar jikin ƙullutu ba ta nufin faɗinsa ya ninka. Idan jikinsa ya ninka, faɗinsa kashi 26 cikin ɗari kawai yake ƙaruwa. Ƙullutu mai milimita 7 da ke ninkawa a kwana 800 ba zai kai milimita 9 ba a cikin shekara biyu. Bambancin bai kai milimita 2 ba, alhali likitoci biyu suna iya auna ƙullutu ɗaya a hoto ɗaya su samu bambancin da ya kusa haka, musamman idan gefensa dishi-dishi ne, ba a iya cewa ga inda ya fara ga inda ya ƙare. Shi ya sa ba ma cewa ƙaramin ƙullutu ya girma sai ƙarin ya kai milimita 2. Kin ga ke nan abu yana iya girma a ɓoye tsawon shekara biyu, sakamako kuma yana ta cewa bai canja ba, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyar Fleischner, wadda ta haɗa masana cututtukan ƙirji daga ƙasashe da dama, ta raba shawararta gida-gida a jagorar da ta fitar a 2017. Daskararren ƙullutu mai milimita 6 zuwa 8 ana sake hotonsa bayan wata 6 zuwa 12, sannan a wata 18 zuwa 24, idan bai canja ba a sallami mai shi. Mai hazo zalla da ya kai milimita 6 ana sake hotonsa bayan wata 6 zuwa 12 don a ga ko yana nan, daga nan sai duk shekara biyu har a cika shekara biyar. Gauraye shi ne mafi abin tuhuma a cikin ukun, ana dubansa bayan wata 3 zuwa 6, sannan duk shekara har biyar, muddin daskararriyar ƙwayar ba ta kai milimita 6 ba. Da na ji likitarki ta ce a ƙara hoto a shekara ta biyar, zuciyata ta ba ni cewa ta karanta wani abu game da hazo a sakamakonki.

Akwai wata matsalar kuma da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba, kuma laifin namu ne masu karanta hoto. Idan aka rubuta cewa ƙullutu bai canja ba, da wane hoto aka gwada? Sau da yawa da na baya-bayan nan kaɗai ake gwadawa. Uwar da take ganin ɗanta kullum ba ta lura da tsawon da yake yi, sai baƙon da ya daɗe bai gan shi ba ne yake cewa yaro ya girma. Dole a ɗauko hoton farko a ajiye shi gefen na ƙarshe. A wurinki ma akwai ƙarin dalili, domin hotonki na farko na ciki ne, wanda sau da yawa yankansa ya fi kauri, kuma ƙasan huhu wuri ne da kamanninsa suke canjawa gwargwadon yadda mutum ya ja numfashi lokacin ɗaukar hoton. Saboda haka hoton ƙirjin da aka yi miki bayan wata shida shi ne ma'auni mafi inganci.

Akwai kamannin da idan muka gan su muke rufe magana nan take ba tare da jiran shekaru ba: ƙullutun da kalshiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya cika shi gaba ɗaya, ko ya taru a tsakiyarsa, ko ya kwanta a cikinsa zobe-zobe, wanda yake da kitse a ciki, alamar wani ƙari marar cutarwa da ake kira hamatoma, da kuma ɗan ƙarami mai kusurwa uku da ke manne da layin da ya raba sassan huhu, wanda kaluluwa ce. A ɗaya ɓangaren, ko a cikin daskararru ana samun 'yan tsirarun da suke karya ƙa'idar shekara biyu, kamar ƙarin kasinoyid, da kuma dajin da ya yaɗo daga ƙoda ko daga tairoyid da ke gaban wuya, waɗanda wani lokaci suke tafiya a hankali. Shi ya sa waccan jagora ba ta shafi wanda ya taɓa yin ciwon daji ba, ko mai raunin garkuwar jiki, ko wanda bai kai shekara 35 ba.

Don Allah ki duba takardun ki faɗa mana ko an ambaci nau'insa, ko yana da kalshiyam, ko shi kaɗai ne, da kuma hoton da aka gwada na ƙarshen da shi.

Mai Neman Bayani ta sake rubutawa:

Na gode, Sista, na gode, Likita. Na ɗauko takardun na karanta su a tsanake. Na farkon ba su faɗi komai ba ban da wuri da girma. Na ƙarshen ne ya yi bayani dalla-dalla: ya ce mai hazo ne zalla, babu daskararren sashe a cikinsa, babu kalshiyam, shi kaɗai ne, kuma wanda ya karanta hoton ya rubuta cewa ya gwada shi da dukan hotunan baya bai ga ƙari a girma ko a kauri ba. Ban taɓa yin ciwon daji ba, babu kuma wanda na sani a danginmu da ya yi na huhu.

Gaskiya bayaninka ya fahimtar da ni dalilin likitata, amma ya ƙara mini wata damuwar. Idan har akwai yiwuwar abin nan matakin farko ne na daji, me ya sa za a zauna ana kallonsa? Ƙanena ya ce in nemi a yi mini hoton fet-sikan, wai shi ne yake bambance daji da wanda ba daji ba. Ko kuma me zai hana a sa allura a ɗebo ɗan namansa a gwada, ko ma a yi tiyata a cire shi kowa ya huta? Na saba jin cewa ciwon daji ba ya son jinkiri.

Likitar Huhu ta amsa:

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Zan ba ki amsa kai tsaye, tare da cewa ban ga hotunanki ba, kuma likitan da zai gan su da idonsa maganarsa tana gaba da tawa.

E, zai iya kasancewa. Ƙullutu mai hazo da kumburi ko ƙwayar cuta ta haifar yakan ɓace cikin 'yan watanni. Wanda ya zauna shekara huɗu yakan kasance ɗaya daga cikin 'yan abubuwa kaɗan: ɗan tabo a naman huhu, ko tarin ƙwayoyin halitta da suka fara sauya kama amma ba su zama daji ba, ko adinokasinoma da ke kwance a kan bangon jakunkunan iska bai kutsa cikin nama ba, ko wanda ya fara kutsawa kaɗan. Ba zan ɓoye miki ba, wannan nau'i an fi ganinsa a mata da kuma waɗanda ba su taɓa shan taba ba, don haka rashin shan tabarki, wanda babbar garkuwa ce a gare ki ta fuskoki da yawa, ba shi ne zai warware wannan tambaya ba.

Amma sunan ciwon daji yana ɗauke da abubuwa masu nisan tazara tsakaninsu, kuma abin da kika saba ji game da jinkiri ya shafi irin wanda yake cin nama yana yaɗuwa. Muddin ƙaramin ƙullutu yana nan a hazonsa, babu daskararriyar ƙwaya, da ƙyar ake samun ya yaɗu zuwa kaluluwa ko wani sashen jiki, domin daskararren sashen ne yawanci yake nuna inda ciwon ya fara kutsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a rabe-raben da ta sabunta a 2021, ta mayar da wanda bai kutsa ba zuwa rukunin abubuwan da suke zuwa kafin ciwon daji. Waɗanda aka cire musu shi a wannan mataki, ko a matakin da ya fara kutsawa kaɗan, kusan dukansu ba ya dawo musu. Ma'anar wannan ita ce idan ana sa ido yadda ya kamata, ranar da ya motsa za a kama shi tun yana hannun likitan tiyata, kuma jiran bai rage miki komai ba. Da yawa kuma ba sa taɓa motsawa har ƙarshen rayuwar mai su.

Game da shawarar ƙanenki, niyyarsa mai kyau ce amma hoton fet-sikan ba zai amfane ki ba. Wannan hoto yana aiki ne ta hanyar saka wa mutum wani nau'in sukari mai alama a jini, sai a duba inda ake shanye shi da yawa, domin ƙwayoyin daji masu saurin girma suna da haɗamar sukari. Ƙullutun da bai kai milimita 8 ba ya yi wa na'urar ƙanƙanta, mai hazo kuma ba ya shan sukarin da zai sa ya haska ko da daji ne. Za ki fito da sakamako mai cewa babu komai, ki samu natsuwar da ba ta da tushe. Ta ɗaya gefen kuma tarin fuka da wasu cututtukan kumburi suna haskawa kamar daji, su jefa mutum cikin tashin hankali a banza.

Allura ma tana da nata cikas. Samun abu mai milimita 7 a ƙasan huhu, wurin da yake hawa da sauka da kowane numfashi, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma idan sakamako ya ce ba a ga daji ba, ba za mu san ko babu shi ba ne ko kuwa allurar ce ta kauce. Ga shi kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka yi wa wannan gwaji iska takan zubo tsakanin huhunsa da bangon ƙirji, wasu har sai an saka musu roba a fitar da ita. Tiyata kuwa ita ce take ba da amsa tabbatacciya, amma farashinta shi ne a sumar da mutum, a yanke wani yanki na huhunsa mai lafiya, ya yi jinya, saboda abin da mai yiwuwa tabo ne ko kuma abin da ba zai taɓa cutar da shi ba. Ni dai ba zan ba 'yar'uwata shawarar ta yi ba a wannan hali.

Abin da zai sa mu canja shawara shi ne ƙarin girma na milimita 2 ko fiye, ko hazon ya fara yin kauri, ko daskararriyar ƙwaya ta bayyana a ciki. Wannan na ƙarshen ya fi girman kansa muhimmanci, domin wani lokaci ƙullutu yakan fara daskarewa faɗinsa yana nan yadda yake, har ma ya ɗan tsuke. Ki kuma sani cewa abu mai wannan ƙanƙanta ba ya jawo tari ko ciwo, saboda haka jin daɗin jikinki ba hujja ba ce a kansa, kamar yadda murar da za ta kama ki gobe ba alamar ya tashi ba ce. Amma idan kika ga jini a majina, ko tarin da ya wuce mako uku, ko rama ba dalili, ko shaƙewar murya da ta ƙi tafiya, kada ki jira ranar hoto.

Dangane da likitocinki biyu, ban ga abin zargi ga na farkon ba idan takardun da ke gabansa ba su faɗi nau'in ƙullutun ba, kodayake da ya nemi a fayyace masa da ya fi. Ta biyun ce a kan hanya. Sai dai masana kansu ba su haɗu a kan adadin shekarun ba: jagorar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta 2015 tana tsayawa a shekara huɗu ga irin wannan ƙullutu idan haɗarinsa kaɗan ne, ta Fleischner kuwa tana kaiwa biyar. A ma'aunin farko kin riga kin kai, a na biyu saura hoto ɗaya. Shekara huɗun da kika yi ba su tafi a banza ba, domin ko mai ninkawa a kwana 800 da yanzu ya haura milimita 10.

Wani Mai Bibiya ya rubuta:

Likitoci, Allah ya ƙara basira. Ina da tambaya biyu da suka shafi wannan. Na farko, shin yawan shiga na'urar ba shi da tasa illar? Muna jin cewa hasken da take ratsa jiki da shi wajen ɗaukar hoto ma yana iya jawo daji, to kada garin gudun wani abu a faɗa cikinsa. Kuma idan Hajiya ta cika shekara biyar, shi ke nan an tabbatar, ko kuwa haka za ta ci gaba har abada?

Na biyu ya shafe ni. Shekaruna 62, na sha taba kwali ɗaya a rana wajen shekara talatin, na daina shekara shida da suka wuce. Ina da daskararren ƙullutu mai milimita 6 da ya shekara uku bai canja ba, kuma an sallame ni. Bisa bayaninku na fahimci cewa ni ƙa'idar shekara biyu ta yi mini aiki, ke nan ba ni da sauran buƙatar hoto?

Likitan Hoto ya sake amsawa:

Malam, tambayar haske tana kan hanya, kuma mu ma muna sa ta a lissafi. Ana auna shi da milisibat. Hoton ƙirji na siti-sikan na yau da kullum yana kai wajen 7, amma wanda ake yi don bin ƙullutu, mai rage ƙarfin haske, bai cika wuce 1.5 ba, alhali kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama ko da bai taɓa shiga asibiti ba. Haɗarin ba sifiri ba ne, amma ga mai shekara hamsin da ɗoriya, hoto ɗaya a shekara ko a shekara biyu ƙaramin abu ne idan aka gwada da amfaninsa. Abin da na fi ƙi shi ne a riƙa maimaita hoto duk bayan 'yan watanni saboda fargaba, domin abu mai tafiyar hawainiya ba zai nuna komai a wannan ɗan tsakani ba, haske kawai mutum zai sha.

Cikar shekara biyar ba tabbaci ba ne irin na gwajin nama. An samu ƙullutu masu hazo da suka fara girma bayan sun wuce wannan wa'adi, sai dai kaɗan ne, kuma ko sun motsa a hankali suke tafiya. Saboda haka wasu likitoci suna sallama, wasu suna ƙara hoto bayan wasu shekaru masu tazara, musamman ga mai sauran ƙarfi wanda zai iya jure tiyata idan ta kama. Ga tsoho mai rauni ko mai wasu manyan cututtuka, ci gaba da bibiya ba shi da wata fa'ida. Wannan shawara ce da Hajiya za ta yanke tare da likitan huhunta bayan hoton baɗi. Ta nemi a yi shi da ƙaramin haske da siraran yanka, a na'ura ɗaya da ta baya idan zai yiwu, ta kuma riƙe hotunan kansu a faifai, ba takardun sakamako kaɗai ba, domin gani ya kori ji.

Game da kai kuwa, fahimtarka rabi ce. Wannan ƙullutu naka, daskararre mai milimita 6 da ya shekara uku a tsaye, an gama da shi, kuma sallamar da aka yi maka daidai ce. Amma zaman lafiyarsa bai ce komai ba game da sauran huhun da ya sha hayaƙi shekara talatin, inda wani sabo zai iya fitowa a wani wuri dabam, kuma sabon ƙullutu a huhun tsohon mai shan taba ya fi tsohon zama abin tuhuma. Binciken da Sista ta ambata ya nuna cewa hoton shekara-shekara mai ƙaramin haske ya rage mace-macen dajin huhu da kashi 20 cikin ɗari a tsakanin irinku. A Amurka, tun 2021, ana ba da shawarar wannan hoto ga masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwatankwacin kwali ɗaya a rana tsawon shekara 20, waɗanda suke sha har yanzu ko suka daina bai wuce shekara 15 ba. Kai ka cika dukan waɗannan sharuɗɗa, don haka ka tayar da maganar da likitanka, ya duba ko ana yin wannan gwaji a inda kake da kuma ko lafiyarka ta dace da shi.